In na tafi wa zai riƙe nan?

A ofishin da na fara aikin gwamnati akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, har shugaban sashenmu. Shi ke riƙe da ɗakin ajiyar fayil. Makullan ɗakin da na kabad ɗin da ke ciki duk suna ɗaure a wata igiya da gumin hannu ya mayar baƙa, kullum tana aljihunsa na dama, in yana tafe tun daga ƙasan bene kake jin ƙararsu. Shi ke fara zuwa, shi ke rufe ƙofa. Ka ce masa kana neman fayil ɗin wane da aka buɗe shekara 15 da suka wuce, ba zai duba rajista ba. Zai ɗan runtse ido, ya shige ciki, ya fito da shi yana kaɗe masa ƙura. Duk zaman da na yi da shi ban taɓa ganin ya cike takardar neman hutu ba.

Wata rana na ce masa, “Baba, kai ba ka gajiya ne? Yaushe rabonka da hutun shekara?”

Ya dube ni ya ce, “Yaro, in na tafi wa zai riƙe nan?”

A lokacin amsar ta burge ni matuƙa. Ba ni kaɗai ba, duk taron da aka yi a sashenmu sai an buga misali da shi, a ce mu matasa mu yi koyi. Sai da ciwo ya kwantar da shi sati 7 a asibiti sannan muka gane abin da muke yabo. Makullan dai an aika an karɓo, amma abin da ke cikin kansa ba mai iya karɓowa. Muka buɗe ɗakin muka tarar da tsarin da shi kaɗai ya san kansa. Tsofaffi masu bin haƙƙinsu na fansho suka riƙa zarya. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a bakin aiki, takan zo da ƙaramin yaro a hannu, mu ce ta dawo jibi, ta dawo mu ce wani satin, har ta kai na fara sunkuyar da kai in na hango ta. Baba bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ni shaida ne. Amma rashin tafiyarsa hutu ya cutar da mutanen da ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa hidima, kuma mu da muke tafa masa muna da kaso a laifin.

Yau na haura shekara 20 a wannan aiki, kuma ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya: ma'aikacin gwamnatin da ke ɗaukar hutunsa, yake da wani abin da yake ƙauna a wajen ofis, yake ɗaga ƙafa ya je ya ga wasu wurare, ya fi amfanar jama'a a kan wanda ya mayar da kujerarsa gida. Na san wannan magana za ta yi wa wasu ɗaci, musamman wanda ya taɓa zuwa neman sa hannu aka ce masa oga ya yi tafiya. Ni ma an taɓa faɗa mini haka, na san zafinsa, kuma zan zo kansa.

Wanda ke fara cin moriyar hutu shi ne ofishin kansa. Ranar da ma'aikaci zai tafi, dole ya zauna ya rubuta abin da ke hannunsa, ya nuna wa wani inda komai yake, ya miƙa makulli da lambar sirrin kwamfuta. A nan ne aikin ke fita daga kan mutum ɗaya ya zama na hukuma. Wanda ya riƙe masa wurin yana koyo, yana kuma ganin abin da mai kujerar ya daina gani saboda sabo, ko abin da ba ya so a gani. Masu harkar banki sun daɗe da sanin haka. Hukumar inshorar ajiyar banki ta Amurka ta jima tana ba bankuna shawarar su tilasta wa ma'aikatansu barin aiki na sati 2 a jere kowace shekara, wani ya zauna a wurinsu, domin almundahana tana bukatar mai ita ya kasance kusa yana rufa mata ƙasa kullum.

Akwai wani ƙaramin gari mai suna Dixon a jihar Illinois ta Amurka, mutanensa ba su wuce 16,000 ba. Ma'ajiyar garin, Rita Crundwell, ta shekara 22 tana karkatar da kuɗin jama'a zuwa wani asusun ɓoye, har ya haura dala miliyan 53. Kowa ya amince da ita, kusan duk lissafin garin a hannunta yake. Asirin bai tonu ba sai a 2011, lokacin da ta tafi dogon hutu, wadda ke riƙe mata aiki ta nemi banki ya turo bayanan dukkan asusun garin, sai ga asusun da ba wanda ya san da shi. A 2013 aka yanke mata ɗaurin kusan shekara 20. Ba ina cewa duk mai ƙin sakin kujera ɓarawo ba ne, Baba ma ya ishe ni hujja. Amma kujerar da ba a taɓa ɗaga ta an share ƙarƙashinta ba, ba wanda ya san abin da ke kwance a wurin, ko da kuwa waliyyi ne ke zaune a kanta.

Sai kuma jikin ma'aikacin. Mu ma'aikata mun iya ɓoye gajiya, amma jiki magayi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar awar aiki. Wanda ke yin awa 55 ko fiye a sati, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Ka lissafa awannin babban jami'in da ke fita da sassafe, ya dawo bayan isha, ya kwana da fayil a gefen gado, ka gani ko bai wuce nan ba. Japanawa har suna suka raɗa wa mutuwar da yawan aiki ke jawowa, karoshi, kuma tun daga 2019 doka ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar alhakin tabbatar da cewa ma'aikaci ya ci aƙalla kwana 5 na hutunsa a shekara, saboda an bar wa mutane zaɓi sun ƙi tafiya.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi a kan ma'aikatan gwamnati tsantsa, wato binciken Whitehall, sunan titin da manyan ma'aikatun Birtaniya suke a Landan. An fara shi a 1967 da maza ma'aikata kusan 18,000, aka bi lafiyarsu shekara da shekaru. Da yawa sun zaci manya ne za su fi mutuwa da ciwon zuciya saboda nauyin da ke kansu. Sai aka ga akasin haka: masinjoji da masu gadin ƙofa suna mutuwa kusan ninki 3 na waɗanda ke saman tsani. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, da mutum fiye da 10,000 maza da mata, ya nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin iko a kan aikinka, wato ba ka da ta cewa kan abin da za ka yi, ko yaushe, ko ta yaya. Wannan ya sa in ina maganar hutu ba darakta nake fara tunawa ba. Ƙaramin akawu nake tunawa, wanda takardar hutunsa ke kwana a tiren oga wata 3, da direban da ake kira ranar da ba ta aiki ba, da mai jinyar da ke haɗa aikin dare da na safe domin ba mai karɓarta. Su ne suka fi bukatar wani lungu na rayuwa da su ke da iko da shi, kuma su aka fi hanawa.

Abin takaicin shi ne hutu ba alfarma ba ce da shugaba ke yi wa wanda ya ga dama. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan awar aiki take, awa 8 a rana, 48 a sati. Sashe na 24 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci haƙƙin hutawa da hutun da ake biya. Wata yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta 1970 ta ce kada hutun shekara ya gaza sati 3 na aiki, a ciki a samu sati 2 a jere ba yankewa, ta kuma haramta a sayar da wannan hutu a karɓi kuɗi a madadinsa. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, amma wannan magana ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Waɗanda suka rubuta ta sun san halinmu. Sun san in aka ajiye wa ma'aikaci kuɗi da hutu aka ce ya zaɓa, kuɗin zai ɗauka, ya koma kujera da gajiyarsa. Yanzu kuma ga waya ta shigo. A da in ka bar ofis ka bar shi, yau yana cikin aljihunka, ƙarfe 11 na dare saƙon WhatsApp zai shigo ana neman rahoto kafin safiya. Faransa ta kai ga yin doka, wadda ta fara aiki a 2017, da ke tilasta wa manyan wuraren aiki su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya bayan an tashi.

Tun kafin waɗannan takardu duka an yi maganar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya kai wa ɗan'uwansa ziyara ya tarar da matar gidan ba ta kula da kanta, ta ce masa mijinta ba ruwansa da duniya, rana azumi dare tsayuwa. Salman ya hana shi tashi farkon dare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce Salman ya yi gaskiya. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga fayil? Kuma mutanen nan biyu daga baya duk sun riƙe aikin jama'a, Abud Darda'i ya yi alƙalanci a Dimashƙa, Salman ya yi gwamnan Mada'in, an kuma ruwaito cewa yana gwamnan bai daina saƙar kaba da hannunsa ba.

Ni abin da na kamu da sonsa shi ne gyaran tsofaffin agogo, irin waɗanda ake wanawa da hannu. Ina da ɗan tebur a kusurwar ɗaki, da fitila, da gilashin da ake maƙalawa a ido, da sukundireba ƙanana. Wasu kusoshin ba su fi ƙwayar rairayi ba, in ɗaya ta faɗi ƙasa sai ka durƙusa ka yi ta lalube. In ka buɗe murfin baya za ka ga wata 'yar ƙafa mai lilo, da siririn ƙarfe kamar gashi a naɗe a tsakiyarta. In ka wanke, ka ɗiga mai, ka mayar da komai daidai, sai ka ga ta motsa da kanta, ka kara a kunne ka ji yana bugawa. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ji ba abin da wannan ƙara ke yi wa zuciyata.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Aikin gwamnati aiki ne da ba ka cika ganin ƙarshensa ba. Ka rubuta takarda ta hau sama, ta yi wata 6, ta dawo da jan biro, ko ka daina jin ɗuriyarta gaba ɗaya. Ka yi wa shiri wahala shekara 2, a sauya shugaba, a ajiye shi. Mutum yana bukatar ya riƙa ganin abin da ya fara da hannunsa ya kammalu, in ba haka ba zuciya na mutuwa, kuma ma'aikacin da zuciyarsa ta mutu shi ne wanda ke amsa gaisuwarka ba tare da ya ɗago kai ba. Sannan akwai wani abu da ya fi wannan. Duk lokacin da aka yi maka ƙarin girma, masu faɗa maka gaskiya raguwa suke yi. Ka faɗi abin da bai kai ba a ce ranka ya daɗe haka yake. Agogo bai san matakin albashina ba. In na yi kuskure ba zai buga ba, ko zan kwana ina kallonsa. Mai lambu ya san wannan, shuka ba ta fitowa don girman mai ita. Mai buga ƙwallo da abokai ya sani, mai koyon sabon harshe ya sani, mai haddar karatu ya sani. Jami'in da ke da wurin da ake ce masa ka yi kuskure kowane sati, ya fi sauƙin karɓar gyara ranar Litinin.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikata ne kawai ke wannan. Albert Einstein ma'aikacin gwamnati ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da ke Bern a ƙasar Suwizalan daga 1902 zuwa 1909, kuma yana wannan kujera ne ya fitar da maƙalolinsa 4 na 1905 da suka sauya ilimin kimiyya, a lokacin da ya rage masa bayan aiki. Da shugabansa irin mai riƙe mutane har dare ne don a ga ana aiki, Allah kaɗai ya san abin da za a rasa. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya fara zanen fenti a 1915, bayan an sauke shi daga shugabancin ma'aikatar sojan ruwa kan asarar da aka yi a yaƙin Dardanelles, ya kuma riƙe shi har tsufa, ya bar zane fiye da 500. Dag Hammarskjöld, wanda ya riƙe Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1953 har ya rasu a haɗarin jirgi kusa da Ndola, a ƙasar Zambiya ta yau, a 1961, mutum ne da aka shaida da aiki ba dare ba rana, amma an san shi da hawan duwatsun arewacin Suwidin da kyamara a rataye. Ba wanda zai ce waɗannan abubuwa sun rage musu himma.

Tafiya kuwa, ita ce ta koya mini darasin da kwas da bita duk suka kasa. Wata shekara na tara ɗan abin da na tara, na yi amfani da hutuna na je wata ƙasa da ba na jin harshenta. Sai wata takardata ta samu matsala, aka ce sai na je wani ofis an buga mata hatimi. Na bi layi tun safe. Da na iso taga, jami'in ya karɓa, ya juya ta, ya turo mini ita ta ƙarƙashin gilashi, ya faɗi wata kalma ɗaya, ya kira na bayana. Ban san abin da ya ce ba. Na koma na zauna a benci da takarda a hannu, ba wanda ya san ni, ba wanda zan kira, ga ranar komawata tana matsowa. A kan bencin nan matar nan mai ƙaramin yaro ta faɗo mini a rai, na ji kunya ta rufe ni. Can wata jami'a da ke wucewa ta lura da ni, ta tsaya, ta duba takardar, ta ɗauki biro ta rubuta a bayan wani ƙyallen takarda lambar ƙofar da zan je, ta zana hoto biyu, ta nuna mini agogon bango da yatsa alamar ƙarfe nawa ake rufewa. Abin bai ɗauke ta minti 2 ba.

Da na dawo, abin da na fara yi shi ne na sa aka rubuta duk takardun da ake bukata ga kowace irin buƙata, da manyan baƙaƙe, aka manna a ƙofar sashenmu, aka kuma ce duk wanda za a mayar a rubuta masa abin da ya rage a hannunsa. Shekara 12 ina zaune a bayan taga ban taɓa tunanin haka ba, domin ban taɓa tsayawa a gabanta ba. Gani ya kori ji. Ma'aikacin da bai taɓa zama baƙo ba, bai taɓa rasa wanda zai yi masa hanya ba, da wuya ya san abin da kalmar “dawo gobe” ke yi wa wanda ya taso daga nesa. Tafiya tana kuma nuna maka cewa yadda kuke yi ba shi ne kaɗai yadda ake yi ba. Ka ga inda ake gama abu a taga ɗaya, ka tambayi kanka me ya sa naku ke bin tebur 6. A watan Mayun 1903 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya bar tawagarsa ya kwana 3 a dajin Yosemite tare da masanin halittu John Muir, suna kwana a fili. A 1906 kwarin Yosemite ya koma ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya. Rahoto a kan tebur ba zai yi masa abin da kwanan dajin ya yi ba.

To, sai zancen oga ya yi tafiya. Fushin jama'a a kan wannan yana da tushe, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Akwai tafiyar da ake ƙirƙira don alawus, a haɗa tawagar mutum 20 zuwa taron da mutum 2 sun isa, a sa hannu a rajistar halarta da safe, a wuce kasuwa. Wannan ba hutu ba ne, ba aiki ba ne, cin amana ne, kuma ita ce ta ɓata wa tafiyar ma'aikaci suna. Tafiyar da nake karewa ita ce wadda mutum ya yi da guminsa, a cikin kwanakin hutunsa, bayan ya miƙa aiki ga wanda ke da ikon sa hannu a madadinsa. In ka je ofis aka ce a jira oga ya dawo, laifin ba na tafiyar ba ne, na wanda ya tafi da hatimi a jaka ne, da tsarin da ya ƙyale shi. Haka abin sha'awa. Rita Crundwell da na ambata, kiwon dawakin gasa ne abin sonta, tana da su wajen 400, kuma da kuɗin gyaran titin garinsu take ciyar da su. Duk sha'awar da ta fi ƙarfin albashinka, ko wadda ɗan kwangila ke biya maka tikitinta, ta zama igiya a wuyanka.

Akwai kuma sanin lokaci. A watan Disambar 2019, wutar daji na cin Ostireliya, firaministan ƙasar Scott Morrison yana hutu da iyalinsa a Hawaii. Sai da 'yan kwana-kwana 2 masu aikin sa kai suka mutu sannan ya katse hutun, ya nemi afuwa. Yana da haƙƙin hutu kamar kowa, amma wanda ya karɓi amanar jama'a ya yarda cewa akwai ranar da haƙƙinsu ke gaba da nasa. Likita a lokacin annoba ya san haka, jami'in zaɓe a satin zaɓe ya san haka. Sai dai irin waɗannan ranaku ƙidayayyu ne. Matsalarmu ita ce mun mayar da kowace Talata ranar gobara.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na wanda zai ce, malam, kana maganar agogo da jirgi, ni albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, lokacin da kake kira na sha'awa ni a nan nake neman na cikawa. Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta share wannan hawaye. Ma'aikacin da ke tashi daga ofis ya shiga wani aikin har dare ba hutawa yake ba, kuma gwamnatin da ke biyan abin da ba ya riƙe gida ita ke sayar da hankalin ma'aikacinta ga wani. Abin da zan iya cewa kawai shi ne kada mu bari talauci ya ƙwace mana har abin da ba a saya. Tafiya ba sai an hau jirgi ba. Garin da ke gaba da naku, asibitin da ba a san ka ba, tashar motar da za ka bi layi kamar kowa, duk makaranta ce. Littafin aro, tafiyar ƙafa da yamma, tukunyar shuka 3 a bayan ɗaki, ba su bukatar ƙarin girma. Su kuma masu cewa in an rage wa ma'aikata lokaci aiki zai tsaya, su duba gwajin da aka yi a Iceland tsakanin 2015 da 2019, inda ma'aikatan gwamnati kusan 2,500 suka koma awa 35 ko 36 a sati maimakon 40 ba tare da an taɓa albashinsu ba, kuma a yawancin wuraren aikin bai ragu ba, wani wurin ma ƙaruwa ya yi. Tarurrukan da ba su da amfani aka rage.

Saboda haka roƙona ga duk mai ma'aikata a ƙarƙashinsa: a farkon shekara a fitar da jadawalin hutu a manna, kowa ya san watansa da wanda zai riƙe masa. Kada takardar hutu ta kwana a tire. Wanda ya ce shi ba zai tafi ba, a zaunar da shi a lallashe shi, in ya ƙi a umarce shi. Shugaban ma ya tafi nasa, ya bar mataimakinsa ya yi hukunci, kada ya riƙa bugo waya daga can yana tambayar me ake ciki, domin na ƙasa ba za su taɓa yarda hutu halal ne ba muddin na sama bai taɓa ɗauka ba. A kuma daina auna himma da wanda motarsa ta fi daɗewa a harabar ofis.

Baba ya warke ya dawo, ya ƙarasa shekarunsa, aka yi masa walimar ritaya, aka ba shi agogon bango. Watannin farko yakan shirya da safe kamar mai zuwa aiki, ya zo ya zauna a bencin baƙi, ya gaisa da kowa, ya tambayi fayil ɗin da ya bari. Sababbin ma'aikata ba su san shi ba, wata rana ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi me yake nema. Daga nan ya daina zuwa. Na ga irinsa da yawa. Mutumin da ofis ne kaɗai abin da yake da shi, ranar da aka karɓi makulli an karɓe komai, shi ya sa wasu ke rage shekaru a takarda, wasu ke bin manya a ƙara musu wa'adi, ba don kwaɗayi kaɗai ba, har da tsoron wayewar garin da ba inda za su.

Kwanakin baya na kai masa ziyara. Bayan mun gaisa ya ce, “Yaro, yanzu wa ke riƙe da ɗakin?”

Na ce, “Baba, mutum 3 ne. An yanka wa kowa makulli, an kuma shigar da rajistar a kwamfuta.”

Ya yi shiru, ya jinjina kai. Sai na lura agogon da aka ba shi yana rataye a bango a tsaye, na tambaye shi, ya ce ya fi shekara da tsayawa. Na sauke shi na kwantar a kan tabarma, na ciro sukundireba daga aljihu na buɗe bayansa. Baba ya matso, ya gyara tabaransa, ya ce in nuna masa abin da ke sa shi tafiya. Na nuna masa. Ya ce in ba shi ya gwada kwance kusa ɗaya. Hannunsa na rawa, sau 3 bakin sukundireban yana zamewa, a na huɗu ta juya. Mun yi da shi ranar Asabar zan koma da mai da burushi, shi zai wanke ƙafafun da kansa.